Tufka Biyu

Baba Sammani ya iso Madani a motar asuba
daga Maiwurno, da buta da jakar leda,
da ƙullutun nan na wuya
da ya ɓoye mana wata bakwai a ƙarƙashin rawani.

Ni na ja masa layi da shuɗin alƙalami:
nan hasken zai shiga, nan ba zai taɓa ba.
Ya ce, Tabawa, wutar da ido ba ya gani
me take ci a jikin mutum?

Na ce igiya take ci, Baba.
Ya ɗago kai.
Shekara arba'in yana saƙa gadon igiya a bakin kogi,
ba a taɓa kawo masa zancen asibiti da harshensa ba.

Na ce kowace ƙwayar halitta da tata igiyar,
tufka biyu a murɗe, DNA muke kiranta,
haruffa huɗu ne a jere a jikinta.
In sili ɗaya ya tsinke, ɗan'uwansa na riƙe da zancen,
a duba shi a mayar.
In biyun suka tsinke wuri guda
shaida ya mutu tare da mai ƙara.

Ya ce to sai a jefar.
Na ce akwai masu ɗori, folimeres sunan gidansu.
Akwai mai haƙuri a cikinsu,
ba ya sa hannu sai an kai bakin igiyar
wurin 'yar'uwarta da aka kwafa,
ya bi ta harafi harafi, kamar mai tilawa.
Miyu da Lamda kuwa ba sa jira,
giɓin da ya rage suke cikewa
kafin mai ƙullewa ya zo.
Miyu ma in ya rasa abin dubawa
sai ya ƙara na kansa.
Sai Teta, da ake kira in an rasa kowa:
ya samu harafi biyu ko uku da suka yi kama
a wannan baki da wancan,
ya haɗa,
abin da ke tsakani ya tafi ke nan.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Wannan ai Ɗanjuma ne, yaron da na kora,
ɗaurinsa na ɗaukar mutum
amma gadon sai ya karkace.

Abin da ban gaya masa ba:
masu ɗorin nan ba su san maƙiyi ba.
Yadda suke kwana aiki a maƙogwaronsa
haka suke kwana aiki a cikin ƙullutun,
suna gyara abin da na yini ina karyawa.
Shi ya sa muka raba gashin kwana talatin,
ko lafiyayyen nama zai riga mugun farfaɗowa.
Bayan isha'i nakan yi wata addu'a mai gefe ɗaya:
Allah ka ba waɗannan sa'a,
waɗancan ka shagaltar da su.

Rana ta goma sha tara kisira ta daina wucewa,
sai koko da cokali, sai shayi mai sanyi.
Na dawo na tarar an ɗauke wuta,
shi kuma ya kife gadona a tsakar gida,
ya gano inda igiya ta tsinke tun bara
na ɗaure da tsumma.

Ya ce haska mini.
Na riƙe wayar a saman hannunsa.
Ya warware baya kaɗan, ya tsefe bakin biyu,
ya daɗe yana kallon layin da ke kusa
kafin ya soma murzawa a cinya.
Sauro na cizona, ban motsa ba.
Saura kwana goma sha ɗaya.