Keken Torben

A Panteka na same shi, cikin tarin ƙarafa,
tsakanin murfin firji da mataccen injin fanka.
Ba sarƙa, ba birki,
sirdin ya tsage kamar diddigen manomi.
Na taya dubu tara, Gambo ya ce albarka,
sai da la'asar ta yi sanyi muka daidaita.

Da na wanke shi da kananzir suna ya fito:
Torben, da lamba sittin da huɗu.
Mai shagon waya ya duba, ya ce Bajamushe ne.
Iyakar abin da na sani ke nan,
sauran ni na ƙirƙira a kan hanya.

Na ba shi shekara goma sha tara, kamar ni.
Na ba shi siraran ƙwauri da uwa mai faɗa.
Na sa shi can baya a cikin ayari,
yana cusa gorunan ruwa a rigarsa
ya kai wa manyan da za a ɗauka hoto.
Ƙarfen hagu ya kankare har ciki,
a nan na san ya taɓa faɗuwa,
kuma daga lanƙwasar kan na san ya tashi.

Ni kuwa da an sallame asuba nake fita,
ƙanzo da ƙuli-ƙuli a aljihun baya.
Daga gadar Kawo zuwa Mararrabar Jos,
tanka na hura min hayaƙi a fuska,
ramuka cike da ruwan daren jiya,
'yan kamasho na ihu: ga ɗan tsere, ga ɗan tsere,
wa ya biyo ka?

Inna ta ce keke na kai niƙa ne,
wanda ba shi da kariya ba keke ba ne, wahala ce.
Amma ita ta ɗinke min wandon da ya yage,
ta ninka soso a inda ake zama.

Ranar gwajin jiha mu talatin da biyu ne.
A Rigachikun tayar baya ta yi tsaki, ta kwanta.
Na durƙusa a bakin kwalta ina faci,
ayari ya wuce kamar an watsa tsaba.
Na goma sha ɗaya na zo.
Mai horarwa ya rubuta Tanimu a bayan ambulan,
ya ce in dawo Asabar, in zo da hular kwano.

Torben, ban san ko ka yi suna ba,
ko kana wani shago kana ɗaure wa yara birki.
Tsayinmu dai ɗaya,
ban taɓa sirdin ba tun da na hau.
Na goge lambarka da yashi jiya.
Sunan na bar shi,
akwai wuri a ƙasansa.