Kuɗin Kirari

Fam ɗari da arba'in, in ji matar.
Ofishinta na saman shagon mai gyaran waya, a Coventry,
matakala goma sha bakwai, na ƙirga,
don gwiwata ta koyi lissafi tun da na fara aikin dare.

Fam ɗari da arba'in.
Dare biyu ke nan ina jidar kwalaye a sito,
ko kuɗin ɗumama ɗaki na wata guda,
ko takalmin makarantar Tasalla, canjin ya tafi Gusau.

Ni da na shekara goma sha ɗaya ina ba da magani a asibiti,
takarda sittin da uku na tura,
huɗu suka amsa, duk da fara'arsu:
"Mun gode, amma."
Barau ya ce ba mutum ke karantawa ba,
na'ura ce ke tankaɗe,
rariyarta ba ta san tsaba ba, kalma take nema.

Na hau dai, tunda tambaya kyauta ce.
Ta ce, "Me ka cim ma?"
Na ce, mun yi ƙoƙari.
Ta ce, "Ku wa?"
Na ce, Allah ya taimaka, shekarar amai da gudawa
ledar ƙarin ruwa ba ta yanke mana ba.
Ta ce, "Wa ya yi lissafin? Wa ya kwana a ma'ajiya?"
Na dubi taga.
Ana yayyafin nan nasu mai jiƙa mutum ba sallama.
Bakina ya ƙi cewa ni.

A kan yabon kai jahilci aka raine ni.
Babana in ya ɗaure dami ɗari
cewa yake, "An ɗan samu."
A nan kuwa, wanda bai kaɗa gangarsa ba
sai a ce ba shi da ita.

A motar komawa gida na tuna
ranar sunan ƙanena, baban nan nawa mai kunya
ya zaro kuɗi ya manna wa maroƙi a goshi.
Maroƙin ya faɗi damin ɗari, ya haɗa da kakanni,
baba ya sunkuyar da kai, haƙoransa a waje.
Ashe ba yabon aka hana ba,
bakin da zai fito ake zaɓe.
Inna ma, duk wasiƙar da ta aika wa yayana a Ikko
Malam Shekarau ta biya a ƙofar gidan waya,
ba wanda ya ce kewar ba tata ba ce.

Lantana ba ta yarda ba.
Tana yanka albasa take magana, ba ta ko juyo ba:
"Ɗakin karatu na yi kyauta ranar Talata.
In ta ɗinka maka babbar riga,
ranar ganawa wa zai cika ta?
Ita za ta zauna a kujerar?
Zanen aro ba ya rufe katara."
Ban musa ba.
Barau ya biya, yanzu yana da tebur da sunansa a ƙofa.
Sambo ya biya, har yau mota yake wankewa,
sai dai takardarsa ta yi kyau ƙwarai.

Daren jiya, ƙarfe uku, lokacin shan shayi,
na yagi kunnen kwali, na ari biron mai gadi,
na rubuta:
Ni na kwana a ma'ajiya.
Ni na yi lissafin.
Hannuna ya yi rawa kamar mai sa hannu a takardar bashi.
Na karanta sau uku, ina neman ƙaryar.
Babu.

Kuɗin na cikin ambulan, bayan gwangwanin madara.
Kwalin na aljihuna, ya fara laushi.
Jibi Talata.
Matakala goma sha bakwai ɗin
ba inda za su je.