Zare da Gilashi

Shekara talatin ina ɗinkin littafi
a rumfar nan, daura da gidan waya na Garwa.
Allura, zare mai kakin zuma, ƙaro a gwangwanin tumatir.
Duk Litinin Madam Dudu kan aiko mini
da majinyatan ɗakin karatu cikin kwali:
ƙamus na Faransanci da ya rasa A har zuwa C,
littafin lissafi da damina ta taka,
taswirar duniya da gara ta cinye wa Turai.
In ɗinke, in danne da dutsen niƙa su kwana,
gari na wayewa su koma da ƙafafunsu.

Kwalin ya daina zuwa.
Na yi wata uku ina zargin ɗan aike,
sannan na ja takalmina na je na gani.
Ɗakin cike yake maƙil, ya fi da,
sai dai kowa ya ba kanta baya.
Yara sun jeru a gindin bango inda wuta take,
kowa da igiyarsa, kowa da turkensa.
Madam Dudu ta daina cewa a yi shiru,
shirun ya koyi zuwa da kansa.
Tambaya ɗaya ake yi mata tun safe:
mene ne kalmar sirri ta yau?

Nomau mai tsire ma kuka yake.
Wai tsohuwar jarida ta fi tantaƙwashi wuyar samu,
da buhun siminti yake naɗe wa mutane nama.
Da can, in ji shi, mutum kan ci na dala hamsin
ya karanta farashin auduga ta cikin maiƙo,
ya tashi da ƙoshi biyu.

Ni dai ciki bai san tarihi ba.
Ɗan ƙanwata Sadau ya zaunar da ni
ya koya mini manna gilashi a fuskar waya.
Ka goge, ka saita, ka kori iska da gefen kati.
Yatsun nan sun yi gardama mako guda,
suna laluben baya a abin da ba shi da baya.

Shekaranjiya, da rana ta take tsaka
har dorinar Binuwai ta nutse sai hanci,
wata yarinya, Hurera, mai karatun unguwarzoma,
ta miƙo mini waya a tsage kamar gonar rani.
Baba, a hankali, littafi arba'in ne a ciki.
Na auna a tafin hannu. Ko nauyin ƙwai bai kai ba.

Na manna, na danne, ta kunna don ta gwada.
Shafi ya fito, hoton ƙashin ƙugu,
an ɗauke shi a karkace, har da babban yatsan wani.
Can a tsakiya, inda shafi ke haɗuwa da shafi,
sai ga zare.
Taku uku, ƙulli ɗaya, jelar ta kwanta hagu.
Duk Garwa ba mai ƙulla zare haka sai bahago,
kuma bahagon ɗaya ne.

Na ce ta buɗa mini wurin da yatsu biyu.
Ta buɗa. Har kakin zuman yana ƙyalli.
Ta ce ai wannan kowa yana da shi,
'yan Marwa, 'yan Ngaundere, har ƙawarta a Injamena.
Ni da ban taɓa wuce gadar Binuwai da nisa ba.

Ban gaya mata ba.
Na karɓi dala ɗarina cif, ban rage ko sisi ba.
Da ta hau babur ta tafi
na taɓa naɗin hulata,
allurar tana nan inda na soke ta bara.
Na zare ta, na goge tsatsar a gwiwar wando,
sannan wani ya miƙo waya.