Sandar Maigadi

Ni aikina ƙofa ne da sanda.
Shekara goma sha ɗaya a firamaren Dakingari,
ban taɓa riƙe alli ba.
Sai ga Malama Shafa'atu da fartanyu uku na aro,
ta nuna jujin da ke bayan aji huɗu,
ta ce nan za a buɗe littafi.
Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.

Suka ja igiya, suka tayar da fangali shida:
alayyafo, karas, yakuwa,
zogale a bakin shinge kamar dogarai.
Ruwa kuwa daga rijiyar masallaci,
a kan Jabbi da Tumba,
rabi ga shuka, rabi ga riga.

Wake biyu ta sa a gwangwanayen madara,
ɗaya a taga, ɗaya ta kife da tukunya.
Kwana tara aka ɗaga.
Na duhun ya yi tsawo, fari fat,
siriri kamar wanda ya tashi daga jinya.
"Ganye da rana yake girki," in ji ta.
Ni da na fara noma kafin a yaye ubanta,
ban san ganye na da murhu ba.

Ran Asabar akuyar ladan ta keta shinge.
Ina barci, ban musa ba.
Fangali biyu ta share tas.
Tumba ta yi kuka,
Jabbi ya rubuta a littafinsa:
akuya ma ta san mai gina jiki.

Ina da jika, Lanto.
Da magariba ta yi sai lalube,
ta yi karo da turmi, ta taka kaza.
Muka ce dundumi ne, haka Allah ya yi ta.
Malama ta ce a je asibiti tukuna,
sannan karas, zogale, ɗan manja a miya.
Muka je.
Kullum in an tashi,
yara su cika mini hula da ganye.

Jiya bayan isha'i kakarta ta yar da allura,
muna neman tocila,
Lanto ta duƙa ta miƙo mata.

Sandata?
Tana can fangali na biyar,
tumatir ya jingina da ita.
Ɓarawo ya yi haƙuri sai an tsinke.