Jan Ƙyalle a Savai'i

Tun asuba Falaniko ya tada mota,
na rungume akwatin sanyi a cinya
kamar wadda aka ba amanar ɗan wani.
Kwalabe talatin, ƙanƙara huɗu,
kowace kwalba rabon yara goma.

An rufe makarantu, an hana yara coci.
Titin bakin teku ba kowa
sai wata alade da 'ya'yanta
suna tsallakawa ba gaggawa.

An ce gidan da allura ba ta shiga ba
ya rataya ja a ƙofa.
Ashe tsibirin nan na da ja haka?
Zanen gado, rigar ƙwallo, hular Kirsimeti,
wani ma murfin bokiti ya ɗaure
a jikin kwakwa da igiyar kamun kifi.

Gidajen ƙauyenmu ba su da bango,
ginshiƙai ne da rufi, iska ta ratsa.
A ina za ka keɓe mai tari
a gidan da ba shi da ƙurya?
Labule muka ja tsakanin ginshiƙi biyu.
Ƙyanda kuwa ba ta jiran gaisuwa:
mai ita ya tashi ya tafi,
ita tana nan a rataye a ɗaki
tana jiran wanda zai shigo.

A ƙofar tsohuwa Leutu babu ja.
Akwai dai kabari a gaban gida,
gajere, simintinsa bai gama bushewa ba.
Na san da wata jika a ciki, Tausala,
ni na yanke cibiyarta.

Leutu ta ce, "An taɓa kuskure da allurarku."
Na ce, "An taɓa."
Ta ɗago kai. Ba amsar da ta shirya wa ba ce.
Na ba ta kwalbar ta juya a hannu,
ta karanta kwanan wata da yatsa a ƙarƙashi,
na nuna mata ruwan haɗi, na nuna sunansa.
Ta ce, "Ku tafi dai."
Muka tafi. Tura kai ba ya buɗe irin wannan ƙofa.

Gida goma sha tara kafin azahar.
Ɗaga hannun riga, soka, shafa,
tawada a ɗan yatsa, suna a littafi.
Yaron da idonsa ya riga ya yi ja,
muka matsa masa bitamin a baki,
na rubuta duk wanda ya kwana kusa da shi,
har baƙon da ya wuce a jirgin ruwan Talata.
An ce sai casa'in da biyar cikin ɗari
kafin cutar ta rasa wurin taka ƙafa.
Sauran biyar ɗin jarirai ne da marasa ƙarfi,
mu ne bangonsu.

Da la'asar, a hanyar komawa,
Falaniko ya taka birki har akwatin ya zame.
A ginshiƙin Leutu wani abu na kaɗawa,
siriri, bakinsa duk zare,
an yage shi daga zanen da ke jikinta.

Kwalbar da na haɗa da safe ta wuce awa shida,
ta mutu, ba ta da sauran amfani.
Na fasa sabuwa.
Falaniko ya ce, "Tara za su tafi a banza."
Na ce masa ya riƙe mini fitila.

Tausala ta tsala ihu har kaji suka watse.
Leutu ba ta dube ni ba,
kabarin take kallo,
tana jijjiga mai kukan a kafaɗa.
Da za mu tashi ta ce, "Akwai gida bayan gonar ayaba,
ba a ganinsa daga titi.
Yara uku ne. Kakarsu ta fi ni taurin kai."
Ta nemo takalminta.