Kunya Arba'in

Ranar Talata na kashe wutar murhu,
na rufe kaskon ƙuli da faifai,
na tari mai Napep a Ƙofar Marusa.
Ɗari uku ya ce. Na ce biyu gare ni.
Ya ce, hau Iya, Allah ya kawo kasuwa.
Yau ba aike, ni za ni da ƙafata,
da tsohuwar takarda a haɓar zanena.

A rediyo na ji, tsakanin tallan taki da sanarwar rasuwa,
wai gwamnati ta kafa tebur don mata,
mai neman jari, mai kukan gado, ta zo.
Dariya na yi. An sha faɗa.
Shekarar zaɓe sabulu muka samu
da atamfa mai fuskar wani,
wanki uku ta koɗe, da ita nake goge dutsen niƙana.

Layi ya kai gindin bedi.
A gabana Lantana tela, kekenta ya mutu.
A bayana mai goyo, miji na Agadas shekara huɗu,
ba saki, ba sallahu.
Goro ɗaya muka fasa uku,
ɗan ƙaramin ɓarin shi ne rabona.

Yarinyar teburin, lauya ce wai, sa'ar autata.
Ta ɗaga biro: Suna?
Na ce matar marigayi Malam Dikko.
Ta ce, naki Mama.
Na ce uwar Sada.
Ta ajiye biron, ta dube ni.
Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya nema,
sai da na laluba, kamar allura a buhun gero.
Hansatu, na ce. Ya yi mini baƙo a bakina.

Gona ce, can hanyar Batagarawa.
Alƙali ya raba tun rasuwar Baba,
biyu na Yaya Sule, ɗaya nawa.
Allah ya yanka mini, ba gwamna ba.
Amma Yaya ke shuka, Yaya ke girbi,
da salla ya aiko tiya biyar ta wake.
Da na yi magana ya ce, ke ina kunyarki?
Na ce tana gona, Yaya, guda arba'in,
kai kake nome mini, a kan idona.

Sau huɗu na koma.
Yau na'ura ta tsaya, gobe oga na taro.
Jarin dubu hamsin aka faɗa,
talatin da biyar suka iso,
sauran sun bi ta inda ruwa ke bi a rairayi.
Amma takardar ta fito da hatimi,
da dangwale shuɗi, shaidar yatsana.

Yaya ya daina gaishe ni.
Mun haɗu a jana'iza, ya kalli bango.
Wannan ba ofishin da ke gyara shi,
yana nan kamar tsakuwa a takalmina.

Lantana ta ce kansila za ta nema.
Suka ce ga kujerar shugabar mata,
ki tara su, ki yi guɗa, ki raba shinkafa.
Ta ce ta gode, waccan take so.
Fom ɗin da tsada. Mun buɗe adashi,
ni ce ta uku a zubi.

An yi ruwan shuka daren Alhamis.
Gyaɗa na sa, ba gero ba,
ban shawarci kowa ba.
Bayana na ciwo, Sada na dariya,
wai layina ya karkace.
Ya karkace ɗin. Bar shi, na ce, layina.