Yatsu Bakwai

Ubana Yohannan da yatsu bakwai ya shiga kabari.
Ukun nan ba teku ya ci ba, kada a ɗora masa laifi.
Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya mai tsatsa a baki,
ta nutse a tafin hannunsa wata ranar Talata.
Ya fizge ta da haƙori, ya tofa yawu,
ya shafa baƙin man inji, ya ɗaure da tsumma,
ya koma jan taru, don kifi ba ya jiran mai jinya.
Kwana tara yana cewa da sauƙi.
Rana ta goma likita ya ɗauko wuƙa.

Shi ya sa kullum nake tsaye a bakin ruwan Kollam
tun hankaki ba su fara faɗa kan hanjin kifi ba,
da jaka a kafaɗa, da sabulu, da jarkar ruwa mai tsabta,
ina jiran jiragen da suka kwana a teku.

Ina ce musu: ku nuna mini hannuwanku.
Su yi dariya, su ɓoye su a baya kamar yaran da suka saci suga.
Tsoho Lazar ne shugaban masu gardama.
Ya ce, "'Yar Yohannan, ruwan gishiri ya wanke mikin kakana,
shi zai wanke nawa.
Safar hannu kuwa, wanda ya sa ta ba ya jin maganar igiya."

Na ce, Baba, ruwan da kakanka ya sani
ba a zuba masa dattin gari da man jirgi ba.
Yanka komai ƙanƙantarsa ƙofa ce,
kuma abin da ke shiga ba ya sallama.
Ka wanke da sabulu har ka ji zafi, ka rufe, ka bar shi ya bushe.
Ƙugiya mai kunne ba a ja da ita baya,
ka zo mu fitar, nan da asibiti ba tafiyar yini ba ce.
In kifi mai dafi a wutsiya ya soke ka,
ruwan ɗumi mai ƙarfi, ba taba ba, ba kananzir ba.
In ka ga jan layi yana hawa dantse,
ko zazzaɓi ya biyo kumburi,
ka bar ciniki a hannun ɗanka, ka taho.
Akwai allurar da ke hana muƙamuƙi ƙagewa,
kyauta ce, tana cikin wannan jaka.
Mai ciwon suga kuma ya duba tafin ƙafarsa kowane dare
kamar yadda yake duba taru yana neman ɓula.

Wasu sun ji. Wasu iska ta tafi da rabonsu.
Takalman roba goma sha biyu na raba a watan jiya,
na ga biyu an mai da su abin kwalfe ruwa daga jirgi.
Na yi fushi, sannan na yi dariya, sannan na sake yin fushi.

Daren Asabar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
aka buga ƙofata.
Lazar ne, jiƙe sharkaf, riƙe da jikansa Silbi,
ɗan shekara sha uku, babban yatsansa ya tsage a kan igiya.
Babu man inji a kai. Babu tsumma.
An wanke shi, har ƙamshin sabulu nake ji.

Tsohon bai dube ni ba, bango yake kallo.
Ya ce, "Ni na riƙe ubanki ranar da aka yanke."
Ya yi shiru har na gama ɗinki.
Da za su fita ya tsaya a bakin ƙofa:
"Safar nan taki,
akwai daidai hannun yaro?"

Na ba shi biyu.
Bai tambayi ta biyun ta wane ne ba.